Kyanwar da Aka Yaɓe a Siton Wake

Aminu da Hadiza, wannan babin naku ne, kuma ina so ku karanta shi a zaune, ku ajiye waya a gefe. Shekara da shekaru kuna gaya wa 'ya'yanku cewa na bar gidan mahaifinku a Toranke ne saboda Baffanku Sale ya cinye mana gado. Ban san wanda ya fara dasa muku wannan magana ba, amma ƙarya ce. Sale bai ci mana ko damin gero ɗaya ba, gonar da aka ba ku ita ce kuke bayarwa aro har yau. Abin da ya raba ni da gidan nan kyanwa ce. Na san za ku yi dariya, shi ya sa na ja bakina na yi shiru tsawon wannan lokaci. Yanzu kuwa na tsufa, dariyarku ba za ta ƙara mini ciwon gwiwa ba.

Mahaifinku ne ya kawo ta daga kasuwar Gaya a cikin aljihun rigarsa, 'yar mitsitsiya, fara mai baƙin tabo a goshi. Wani mai sayar da hatsi ne ya ba shi. Da na ga aljihu yana motsi na zaci tsaraba ce mai rai irin ta tukunya, sai ga kai ya leƙo yana mini kuka. Na ce da shi mutane suna dawowa daga kasuwa da ƙosai, shi ya dawo mana da ƙarin baki. Ya sa mata suna 'Yar Gaya. Malam mutum ne marar yawan magana, kun sani, amma da kyanwar nan yakan zauna a kan buzu bayan la'asar yana ba ta labarin gona kamar ta tambaye shi. Siton da muke ajiye amfanin gona yana jikin katangar gida, ƙofarsa tana waje kusa da zaure, bayansa kuma bango ɗaya ne da ɗakina. Malam ya sa wuƙa ya yanke wata 'yar kafa a ƙasan ƙofar siton domin ta riƙa shiga tana fita. Tun daga nan ɓera bai ƙara huda mana buhu ba.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce wadda Allah Ya karɓi mahaifinku, a ƙarshen damina, gero ya riga ya fitar da kai amma Malam bai ga yankansa ba. Kai Aminu kana Kano wurin koyon ɗinki, ke Hadiza ba ki daɗe da tarewa a Gafasa ba. Bayan an yi sadakar bakwai kowa ya watse, na shiga takaba. Yayar mahaifinku, Gwaggonku Asabe, ita ta dawo ta zauna da ni. Mace ce mai kirki amma mai tsananin riƙo da al'ada. A wurinta mai takaba ko zaure ba ta leƙawa, ko da gobara ake yi sai ta tsaya ta yi tunani. Sale kuma, ƙanin mahaifinku, shi ya ɗauki ragamar gona da sito. Da ni da Sale akwai wasan nan na matar wa da ƙanin miji, tun ina amarya yake ce mini tuwona ya fi ƙarfin haƙorinsa, ni kuma in ce masa ya je ya auro wadda za ta tauna masa. Ba mu taɓa yin faɗa na gaske ba sai wannan shekara.

Mai takaba ba ta da aiki sai kallo, ni kuwa abin kallona shi ne 'Yar Gaya. Kwanakin farko ta ƙi cin abinci, tana zagaya buzun Malam tana shinshinawa. Daga baya ta shiga irin kukan nan na neman namiji, tana birgima a tsakar gida, ta ɓace kwana biyu ta dawo da ƙaiƙayi a jiki. Sai kukan ya ɗauke ɗif. Bayan kamar mako uku, wata rana tana kwance a cinyata tana miƙa, na ga kan nonuwanta sun yi ja sun ɗan tasa, gashin da ke kewaye da su ya yi baya. Na lura kuma da safe takan yi ɗan amai, amma da rana ta cinye nata ta zo tana leƙen kwanona. Barci ya yi mata yawa. Ita da ba ta son a taɓa ta sai Malam, ta koma manne da ni duk inda na zauna. Da aka ƙara kwanaki, cikin ya fara fitowa ta gefe da gefe, wuyanta da ƙafafunta kuwa suna nan yadda suke. Mai ƙiba ko'ina take cika. Wannan ciki ne kawai ya cika.

Na gaya wa Yaya Asabe, ta kalli kyanwar ta taɓe baki.

"Tsutsar ciki ce, Rabi. Ki bari in jiƙa mata ɗan maɗaci."

"Yaya, kada ki ba ta komai. Ciki ne da ita. Dubi nonon."

"Ke dai kin rasa abin yi ne. Mace tana takaba tana duba nonon mage!"

Ta miƙo hannu za ta latsa cikin don ta ji, na janye kyanwar. Na taɓa ganin yaran maƙwabta sun matse cikin wata ta zubar da 'ya'yan, ban manta ba. Daga ranar na riƙa rage mata ɗan kifi busasshe daga miya, in akwai madarar akuya in zuba mata a murfin kwano. Abin da ya sa na damu da ita haka, ba zan ɓoye muku ba. Duk abin da ke gidan nan na Malam an raba ko an naɗe an ajiye, riguna, carbi, har takalmansa an bayar sadaka. Kyanwar nan ce kaɗai abinsa da ya rage yana numfashi kusa da ni.

Da kaka ta yi, aka roro wake aka sussuke, ya yi albarka ƙwarai a shekarar. Malam a da yakan shanya wake sosai ya gauraya da toka da barkono kafin ya zuba a buhu. Sale ya ce wannan aikin mutanen da ne. Ya sayo wata ƙwaya a kasuwar Ajingi wadda ake kira bom. Ana ƙulle ta a tsumma a cusa tsakanin buhuna, sai a rufe ɗakin a yaɓe duk wata kafa da laka don kada iskar maganin ta fita, a bar shi haka kwanaki har ƙwarin su mutu. A daidai wannan lokacin ne cikin 'Yar Gaya ya sauka ƙasa, nono ya cika, har idan tana kwance ina ganin 'ya'yan suna motsi a ƙarƙashin fata. Ta fara neman wurin haihuwa. Ta shiga bayan randa ta fito, ta shiga cikin tukunyar da na daina amfani da ita ta fito. Na shimfiɗa mata tsohon zane a kwando a ƙarƙashin gado, amma ɗakina kullum cike yake da masu zuwa gaisuwa, ita kuma tana son inda babu ƙafa. Sai na ga tana yawan haurawa ta katanga ta nufi wajen sito.

Da Sale ya shigo gaishe mu, na tare shi daga bakin ƙofar ɗaki.

"Sale, ranar da za ka rufe sito ka duba mini 'Yar Gaya. Haihuwa za ta yi yau ko gobe, kuma can take zuwa."

Ya yi dariya irin ta wasanmu.

"To ungozoma! Matar Yaya, in ta haihu a sanar da ni in kawo ragon suna."

"Ba wasa nake yi ba. Ka shiga ka duba bayan buhuna."

"Na ji, na ji. Mage ai ta fi ni da ke wayo, da ta ji wari za ta fice."

Ban ƙara ganinta ba a yinin nan, kuma abincin da na ajiye mata bai taɓu ba. Washegari da hantsi ina zaune ina tsintar shinkafa, sai ga ta ta diro daga katanga, cikin ya saɓe, da wani abu a bakinta. Ta wuce ni kai tsaye ta shiga ƙarƙashin gado. Na leƙa, na ga ta ajiye ɗa guda a cikin kwandon nan da ta ƙi, ɗan jiƙaƙƙe, ido a rufe, bai kai tsawon tafin hannuna ba. Ashe hayaniyar masu jera buhuna ce ta dame ta, ta yanke shawarar kwaso su zuwa wurina. Ta lashe shi, ta kalle ni, ta juya da sauri ta haura katanga don ɗauko na biyu. Na yi murna har na kira Yaya Asabe ta zo ta ga tsutsar cikinta. Muka zauna muna jira. Aka yi azahar ba ta dawo ba. Ɗan ya fara kuka siriri. Can na ji wani sauti daga bangon bayan ɗakina, ƙasa-ƙasa, kamar ana kankare ƙoƙo. Na kanga kunne a bango. Kukanta ne, da ƙarar farce.

Na aika a kira Sale, ya zo hannunsa da sauran laka.

"Sale, ka yaɓe ta a ciki. Je ka buɗe."

"Wa? Haba matar Yaya. Na leƙa ban ga komai ba."

"Ka leƙa ko ka shiga? Zo ka sa kunnenka a nan."

Bai sa ba. Ya tsaya yana goge hannu a jikin wando, ya ce an riga an saka magani, in aka buɗe yanzu ya tashi a banza, kuma mai maganin ya gargaɗe shi cewa duk wanda ya shaƙi iskar zai iya kwanciya. Ya ce waken nan shi ne cin gidan har damina, da nawa da na iyalinsa. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, ban musa ba ko a lokacin. Na ce masa ya tsaya daga waje ya fasa kafar ƙasan ƙofa kawai, ta fito da kanta. Ya ce kafa ɗaya in ta buɗe daidai take da ƙofa duka. Na tuna masa abin da malamai suke faɗi a kan wanda ya kulle kyanwa har ta mutu. Nan ne fuskarsa ta canza, don maganar ta shige shi kuma a gaban yayarsa aka yi ta.

"Yanzu saboda mage kike haɗa ni da wuta? Ni da nake wahala a kan abincinku?"

Ya juya ya fita. Yaya Asabe ta riƙe mini hannu ta ce in yi haƙuri, dabba ce, Allah Zai ba ni wata. Na zauna. Wallahi na yi ƙoƙarin zama. Amma bangon nan a bayana yake, kuma ina jin kankarar tana raguwa, tana tsayawa, tana dawowa a hankali. Ɗan da ke cikin kwando yana amsa mata. Da aka kira la'asar na daina jin komai, sai na miƙe na ɗauki taɓarya.

"Rabi! Ina za ki? Takaba kike yi!"

Na ratsa zaure ko mayafi ban ɗauka ba, daga ni sai zane da ɗankwali. Maza suna zaune a kan dakali suna shirin tafiya masallaci, har da limamin unguwa. Suka bi ni da ido. Na durƙusa a gaban ƙofar siton na dinga dukan lakar nan da taɓarya har ta zube, sannan na doki kwaɗon har ya ɓalle. Wani wari ya buso kamar ruɓaɓɓen kifi da tafarnuwa, ya shige mini ƙirji. Tana nan kwance a bayan ƙofa, daidai kafar da Malam ya yanke mata. Lakar ta ciki duk sawun farcenta ne, ta kusa huda ta. Ɗa na biyu yana gefen bakinta ba rai, ta ɗauko shi ta zo ta tarar da hanya a toshe. Sauran biyun suna can bayan buhuna, ba su motsi. Ita tana ɗan numfashi sama-sama. Na ɗauko ta na rungume, na juyo na wuce ta gaban mutanen nan ina tari. Kafin magariba ta mutu a cinyata, a kan buzun Malam. Ranar na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi, kuma ban ji kunyar kowa ba.

Abin da ya biyo baya kun ji wani ɓangarensa a karkace. Na kwanta ciwo, amai da ciwon kai da ƙirji, har aka kai ni asibiti a Gaya. Tarin da kuke ji ina yi duk lokacin sanyi daga nan na samo shi. Waken kuwa sai da aka sake neman magani, kafin a samu ƙwari sun shiga wani sashe, Sale ya sayar da shi a wulaƙance. Garin ya ɗauka. Mata a bakin rijiya suna cewa matar Malam ta fita tsirara-tsirara a cikin takaba saboda mage, wasu suka ce ta taɓu, wasu suka ce dama kyanwar ba kyanwa ba ce. Liman da kansa ya ce fitar larura ba ta ɓata takaba, amma wa ya saurare shi? Yaya Asabe ta daina cin abinci kwano ɗaya da ni. Sale kuwa ya ci gaba da aiko mana da hatsi daidai yadda ya kamata, amma bai ƙara tako ƙofar ɗakina ba, wasan da ke tsakaninmu ya mutu. Ni ma da zuciyata. Duk lokacin da na ji muryarsa a zaure sai in ji kankarar nan a bango. Ban iya kwana a ɗakin ba. Ranar da na fita takaba na ɗaure kayana na koma gidan yayana a Ajingi, da kwando a kaina.

A cikin kwandon akwai ɗan da ta kawo mini, wanda ya zama mace. Na sa mata suna Saura. Kowa ya ce ba za ta yi rai ba. Kafin a tafi da ni asibiti na roƙi Yaya Asabe, duk da fushinta, ta riƙa ɗiga mata madarar akuya mai ɗumi da auduga, kuma ta yi, Allah Ya saka mata. Da na dawo na karɓa. Ina naɗe ta a zane a jikina don ɗumi, in ta sha in goge mata ciki da gindi da tsumma mai laima kamar yadda uwa take lashewa, don ɗan kyanwa ba ya iya fitsari da kansa sai an taya shi. Ta rayu, ta girma, ta haihu. Tun daga kanta na kafa wa kaina doka. Mace ɗaya nake riƙewa, ba na tara su. Da na ga nono ya yi ja, sai in ajiye kwando a lungun da ba a shiga tun kafin ta fara nema, in bar ta ta saba da shi. Tun 'ya'yan suna ciki nake bi gida-gida ina tambayar wa yake so, wa zai ciyar, ba wanda zai ba yara su yi wasa ba. Ba na raba ɗa da uwa sai ya iya cin abinci da kansa. Ban taɓa zuba su a buhu na aika a yar a bayan kasuwa ba, yadda ake yi. Da Saura ta fara gajiya na nemi likitan dabbobi aka yi mata aikin da ya tsayar da haihuwar, aka yi ta mini dariya a kan wannan ma. Wadda take kwance a ƙafata yanzu jikarta ce, da baƙin tabon nan a goshi. Ciki ne da ita, ya riga ya sauka. Shi ya sa na ce muku ku dakata da zancen turo mota a kai ni Kano. Ba taurin kai ba ne, ko kuma taurin kan ne, ku kira shi yadda kuka so.

Ni da Sale muka yi shekaru muna gaisuwar biki da ta mutuwa, sannu sannu, kowa ya kama gabansa. Bai taɓa ce mini ya yi kuskure ba, ni ma ban taɓa buɗe masa ƙofar faɗa ba. Da ya rasu na je Toranke gaisuwa, karo na farko da na kwana biyu a gidan. Da zan shiga zaure idona ya kai kan ƙofar siton. An sauya ta da ta ƙarfe, amma a ƙasanta an yanke 'yar kafa daidai irin ta da. Na tsaya ina kallo, sai matarsa Talatu ta fito ta same ni.

"Yaya, kafar kike kallo? Marigayi ne da kansa ya sa maƙeri ya yanka. Maƙerin har yana masa tsiya, wai ya sayi ƙofa ya huda."

"Kuna da kyanwa ne?"

"Ina fa. Tun bayan tafiyarki bai yarda an kawo ba. Amma duk shekara ranar da za a rufe sito ba ya barin kowa ya taɓa laka. Sai ya shiga da kansa, da rarrafe, da gwiwoyin nan nasa masu ciwo, yana bi bayan buhu ɗaya-ɗaya yana cewa mus, mus. Mu ce masa ai ba mu da mage a gidan nan. Ya ce ya sani."

Na zauna a kan dakalin da mazan nan suka zauna a waccan rana, na kasa shiga ciki. Mutumin nan ya yi shekaru yana rarrafe yana kiran kyanwar da ya san ba ta nan, ni ina Ajingi, tafiyar da ba ta kai a ɗaura mata ɗamara ba, ban sani ba. Ga shi an riga an kai shi.

Don haka ku je ku gaida 'ya'yan Baffanku, ku daina ce musu 'ya'yan macin gado. Ubansu bai ci komai ba. Ya leƙa ne bai shiga ba, rana ɗaya, ya kuma yi ta shiga har ya mutu.